Tsagar da Barba Dinko Ya Auna

"Sa yatsanki a nan," in ji Barba Dinko. "A'a, ba ƙaramin ba. Babban."

Ina tsaye a bayan ɗakin girkina da ludayi a hannu, ruwan sama yana sauka a kaina. Na cusa babban yatsana a tsagar bangon, ya shige har gindi. Ranar Lahadin da ta wuce ko bakin wuƙa ba ya shiga.

"Gidan ne ya tsufa, Barba," na ce. "Kakan Marinko ne ya gina shi."

"Shekara ɗari yana tsaye ƙalau, sai bana ya tuna ya tsufa? Vinka, ba gidan ne ke motsi ba. Dutsen ne."

Na zare yatsana na goge a jikin rigata. Ban ɗaga kai na dubi dutsen ba. Kwana shida ke nan ana ruwa, kwana shida kuma ina kauce wa kallonsa.

Barba Dinko, wato Kawu Dinko a yarenmu, maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekararsa saba'in da huɗu, matarsa ta daɗe da rasuwa. Ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu a ƙauyukan bakin tekun nan, da ya ajiye aiki sai ya ƙirƙiro 'yar jarida mai suna Muryar Gaɓa, takarda ɗaya gaba da baya, wata-wata. Wa ya haihu, wa ya rasu, yaushe za a ɗauke ruwan famfo, me kwamitin gari ya yanke. Yakan manna ɗaya a ƙofar coci, ɗaya a ƙofar kantina.

Mijina Marinko shi ne shugaban kwamitin. Shekara shida ya yi yana zarya a ofisoshi kafin a yarda a yi mana sabuwar hanya, wadda aka yanka ta cikin dutsen, saman gidajen layin sama, don motocin baƙi masu zuwa hutu su riƙa saukowa har bakin ruwa. In sanyi ya shigo ba mu kai mutum ɗari da hamsin ba. An rufe makaranta tun da yara suka ƙare. 'Yarmu da ke Jamus ta ce in baƙi suka ƙaru za ta dawo ta buɗe gidan abinci. Kowa a garin yana da irin wannan fata a kan hanyar. Barba Dinko ma da hannunsa ya rubuta rabin wasiƙun roƙon.

A watan Oktoba ya hau duba itatuwan zaitun ɗinsa, ya tarar ƙasa ta tsage a ƙarƙashin sabuwar hanyar. Ya kafa turke biyu, ɗaya a kowane gefe, kullum da safe ya hau da igiyar awo. A jaridar Nuwamba ya buga abin da ya gani, da manyan baƙaƙe.

Marinko ya same shi a kantina yana shan kofi.

"Barba, kai injiniya ne ko mai raba wasiƙa?"

"Mai raba wasiƙa ne. Ga ta na kawo maka."

"Ka san mutanen birni suna karanta abin nan? Su tsayar da aikin, wa zai sake ba mu hanya? Baƙi su ji, wa zai kwana a ƙarƙashin dutse?"

"Kai kana kwana ai. Da matarka."

Masuntan da ke zaune suka yi dariya, amma ba Marinko suke yi wa ba. Daga ranar suka sa masa suna Annabin Turke. In ya wuce sai wani ya ce, "Barba, yau dutsen ya iso ina? Mu ɗora masa kofi?" Jaridar da ke ƙofar coci wani ya yage ta. Ta ƙofar kantina ni na cire da hannuna, na ninke na sa a ƙarƙashin sikeli. Ya gani. Ya ci gaba da kawo mini ɓaure busasshe kamar kullum.

Ranar Alhamis, kwana na tara na ruwan, na buɗe famfo da safe ya zubo ja kamar shayi. Ƙofar ɗakin barcinmu ta ƙi rufuwa. Marinko yana ta dukanta da kafaɗa yana zagin kafinta, sai ga Barba Dinko ya shigo ko sallama babu, laka har gwiwa, yana haki.

"Turke na biyu babu shi," ya ce. "Ba wai ya matsa ba. Ramin ya haɗiye shi. Ruwa yana shiga, ba ya fitowa ta ko'ina. Marinko, a kaɗa ƙararrawa."

"Na kira ofis jiya. Injiniya zai zo Litinin."

"Litinin zai zo ya auna wa?"

"In na tashi gari a banza fa? In kwashe tsofaffi cikin ruwan nan, wani ya kamu da ciwon haƙarƙari?"

"Sai ku ƙara mini suna. Na saba."

Marinko ya tsaya riƙe da hannun ƙofar. A lokacin ne kofunan da ke cikin kabad suka yi ƙara, 'yar siririya, kamar babbar mota ta wuce. Babu motar da ta wuce.

"Marinko," na ce. Iyakar abin da ya fito ke nan.

Ya ɗauki rigar ruwansa ya ruga coci. Barba Dinko bai jira ƙararrawar ba. Layin sama gida goma sha ɗaya ne, matakalar dutse ce ta haɗa su, ta fi taki ɗari biyu, ranar kuwa ruwa ne ke gangarowa ta kanta kamar rafi. Ya hau, ni ina binsa. Ya san kowace ƙofa, ya san wadda ake buga wa da ƙarfi, ya san inda wata kurma take ajiye makullinta. Wasu suka fito da gudu da bargo a ka. Wasu sai da suka yi gardama. Wanda ya fara kiransa Annabin Turke ya leƙo ta taga, ya dubi fuskarsa, ya koma ya ɗauko matarsa da kyanwa.

Gida na ƙarshe na Teta Lukre ne, wato Gwaggo Lukre, mai shekara tamanin da shida, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Muka same ta tana feraye dankali.

"Ba inda za ni," ta ce. "A gidan nan aka haife ni."

"To ai ba a ce a nan za a binne ki ba. Tashi, Lukre."

"Kai Dinko, tun kana yawo ba wando kake da tsoro. Kaza ma kora ka take."

"Har yanzu ina da shi. Ki dube ni da kyau."

Ta dube shi. Ta ajiye wuƙar. A bayan gidan na ji duwatsu ƙanana suna gangarowa suna bugun rufin kwano, ɗaya, ɗaya, sannan da yawa.

Marinko ya iso, suka ɗauke ta a kan kujerarta, shi a gaba, Barba Dinko a baya, ni ina riƙe mata lema da jakar magani. Sau uku Barba ya ce a tsaya. A na ukun ya jingina da bango, leɓɓansa sun yi fari. Na ce ya ba ni, ya ce hannuna bai kai ba. Teta Lukre tana ta addu'a tana haɗawa da zaginsa.

Kowa ya taru a tsohuwar makarantar da ke bakin ruwa. Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi, ba abin da ya faru. Aka fara gunaguni. Wata ta ce ta bar miya a wuta. Wani ya ce zai hau ya sako akuyoyinsa, Marinko ya tsaya a bakin ƙofa ya ce sai dai ta kansa.

Wajen ƙarfe biyu da kwata dutsen ya sauko. Ban san yadda zan kwatanta ƙarar ba. A ciki na fara jin ta kafin a kunne. Gilashin tagogi biyu ya fashe, mata suka kwanta a ƙasa, wani yana kiran sunan Maryamu ba ƙaƙƙautawa. Da ta lafa muka fita. Inda gidan Teta Lukre yake da biyu na kusa da shi, jar laka ce kawai da saiwoyin zaitun a sama. Sabuwar hanyar ta rataye a iska. Tsohuwar ma ta binne a kwanar fita gari. Laka ta tsaya a jikin bangon bayan gidanmu.

Barba Dinko bai fito kallo ba. Yana bin aji yana kiran sunaye gida-gida, yadda yake raba wasiƙa, sai an amsa ya wuce. Da ya kai na ƙarshe ya zauna a 'yar kujerar yara, gwiwoyinsa kusan a haɓarsa, ya dafe hannunsa na hagu.

"Vinka, wani ya zauna mini a ƙirji."

Na kira asibiti a birnin Split. Likitar ta ce a ba shi asfirin ya tauna, a jingina shi, kada ya kwanta. Na ce motar asibiti fa? Ta tsaya a bayan laka, sai katafila ta zo. Jirgi mai saukar ungulu fa? Iska ta hana shi tashi. Na leƙa ta taga, igiyar ruwa tana tsallake matsayar jirage gaba ɗaya.

"Zan fitar da kwale-kwalena," in ji Marinko.

"Ka zauna," in ji Barba Dinko. "Ni dai na sha wahalar fito da ku, ba za ka je ka nutse mini ba."

Marinko ya durƙusa a gabansa, babban mutum, yana kuka kamar yaro. "Barba, da na saurare ka tun Nuwamba."

"Ai ka kaɗa ƙararrawa. Ka iya rubutu?"

"Kaɗan."

"To jaridar Disamba kai za ka buga. Ka sa: gida uku sun tafi, mutum ko ɗaya bai tafi ba. Kuma kada ka bar maganar hanya. A sake ta, amma su yi wa ruwa mafita."

Teta Lukre ta sa aka matso da kujerarta kusa da shi. Ta kama hannunsa tana murzawa, tana ce masa raggo, ya tashi ya mayar da ita gida. Ya yi murmushi, ya ce, "Wane gidan?" Daga nan bai ƙara magana ba. Numfashinsa ya riƙa tsayawa yana dawowa, kowace tsayawa ta fi ta baya tsawo, ni kuma ina riƙe da waya likitar tana ce mini in gaya mata abin da nake gani. Da ya faɗi gefe ta koya mana yadda za mu danna ƙirjinsa. Marinko da masunta biyu suka yi ta karɓa-karɓa har hannayensu suka gaji. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna likitar ta ce, a hankali, mu bari.

Katafila ta buɗe hanya washegari da rana. Ranar Asabar jami'ai suka ba ni minti goma in shiga gidansa in ɗauko kayan da za a sa masa, wani mai hular kwano yana jirana a waje yana kallon sama. Na ɗauko baƙar kwat ɗinsa da farar riga. Ban sami takalmin coci ba sai a ɗakin girki, a ƙarƙashin tebur. A kan teburin akwai kwano da ya jiƙa wake tun safiyar Alhamis, na cin mutum ɗaya. Waken ya shanye ruwan, ya kumbura, ya ɗaga faifan da ya rufe shi har ya karkace.