Sharuɗɗa Tara a Kan Jibo

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba sai wannan, kuma sanina da ƙwallo kaɗan ne ƙwarai. Inda na yi kuskure, mai karatu ya gyara a zuciyarsa, ya rufa mini asiri.

A Hillat Maliki, wani ƙauyen Hausawa da ke bakin tur'a, babbar hanyar ruwan noma, a yammacin Kamlin, babu filin ƙwallo na dindindin. Gidaje sun matse tsakanin ruwa da gonaki. Amma tsarin noman Jazira yakan bar wani sashe ya huta duk shekara, kuma duk hawashar, wato gonar da aka yanka wa manomi, da hutu ya faɗo a kanta kusa da gari, a nan samari suke kafa sandunan raga. Ba a tambayar mai gona, haka aka saba. Bana hutun ya faɗo kan hawashar Jibo, mahaifin Ibtisam.

Shi Jibo ya yi shekara shida yana tsaron gida wa wata ƙungiya a Sinnar, har ana jin sunansa a rediyo. Wata rana alƙalin wasa ya ba da fenariti a kansa, shi kuwa ya tumɓuke tutar kwana ya bi shi da ita a guje har wajen fili. Aka dakatar da shi. Ya tafi haƙar zinariya can arewa, ya yi shekara huɗu, ya dawo da ciwon kafaɗa da wani irin shiru da Ibtisam ba ta san shi da shi ba. Masallaci, gona, gida. Ko shayin yamma ba ya fita sha.

Da kakar wasa ta matso, sai wani ya ce me zai hana ƙungiyar gari ta ɗauki Jibo, tunda yaron da ke tsaron gida yanzu yana rufe ido in an bugo masa ƙwallo. Maganar nan ta raba gari biyu har mako uku. A bakin ruwa ita ake yi, a layin burodi ita ake yi, an ce har a zaman makoki sai da liman ya tsawatar. Kowa ya faɗi nasa ban da Jibo, don babu wanda ya tuna ya tambaye shi.

Ibtisam kuwa ta san abu biyu da masu gardamar ba su sani ba. Na farko, baƙar lakar filin in ta bushe takan dare, ta yi ramukan da ke karya ƙafar ɗan wasa, kuma duk safiya bayan asuba mahaifinta yakan ɗauki kwando ya je ya cike su da ƙasa. Samari sun ɗauka sa'a suka yi, filin bana ya zo da laushi. Na biyu, ta ji shi yana gaya wa mahaifiyarta Hannatu cewa shi ba zai je roƙon kowa ba. In takarda ta zo da hatimin ƙungiya, zai shiga motar Kamlin ranar Alhamis a yi masa rajista. In Alhamis ta wuce shiru, ofis ya rufe, to shi zai koma wajen zinariya, don zaman nan ya ishe shi. Tun daga ranar Ibtisam ta kasa karatu. Sai ta buɗe littafi ta ga ta yi rabin awa a shafi guda.

Ranar Laraba bayan la'asar aka aiko kiranta zuwa rumfar nadi, wato inda 'yan ƙungiya ke zama. Sakataren ya tafi Damazin biki, kuma duk gari an san babu mai kyan rubutu irinta. Ta yafa mayafi ta tafi.

Mutum kusan ashirin ta tarar. Shugaban ƙungiya, Alhaji Salih, wanda yake yayan mahaifiyarta, yana zaune a tsakiya da hatimi a gabansa kusa da butar gahawa. Shi ne jagoran masu cewa a'a. Jagoran masu cewa i kuwa Hashim ne mai gyaran raksha, wato babur mai ƙafa uku, wanda ya zo da baƙin mai har gwiwar hannu.

“Zauna nan, ɗiyata,” in ji Alhaji Salih. “Abin da aka ce ki rubuta, ki rubuta. Abin da ba a ce ba, ba ki ji ba.”

“To, Kawu.”

Ashe ma ba a gama yanke shawara ba. An dai yarda a rubuta wa Jibo takarda, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ne ba a yarda da ko ɗaya ba. Alhaji Salih ya ce na farko, kada Jibo ya kusanci tutar kwana. Hashim ya ce to ai mai tsaron gida ba ya zuwa kwana, sai dai in Alhaji bai taɓa kallon wasa ba. Wani ya ce a cire tutocin gaba ɗaya a huta. Wani ya ce doka ba ta yarda ba. Aka yi minti ashirin a kan tuta, Ibtisam tana riƙe da biro, ba ta rubuta komai ba sai Bismillah.

Sharaɗi na biyu, ya rantse da Alƙur'ani ba zai yi wa alƙali magana ba. Na uku, ya daina saka taba a leɓe in yana cikin raga. Na huɗu, a gwada kafaɗarsa a gaban jama'a, ya ɗaga buhun dawa sama. A nan Hashim ya miƙe ya ce ɗan wasa ake nema ko ɗan dako? Ya ce duk wanda ke wurin nan da ya taɓa ɗaga buhu tun bara ya ɗaga hannu. Wani dattijo ya ɗaga, aka ce masa buhun auduga ba ya cikin lissafi.

Ibtisam ta ji kamar ta kifa musu butar gahawar. Mahaifinta ake aunawa kamar ragon layya, a gabanta, kuma babu wanda ya ko kalle ta. Wani ma yana zungurinta da gwiwar hannu yana cewa ta rubuta mutumin nan ya tsufa, sai da ya dubi fuskarta ya tuna, ya ce, “Ma'alesh, yi haƙuri, ba da ke nake ba.” Rana tana ta sauka. Inuwar rumfa ta kai bakin hanya.

A sharaɗi na bakwai ne Hashim ya harzuƙa. Ya ce gaskiyar magana Alhaji bai taɓa yarda Jibo ya iya ba, ƙyashi ne kawai tun ranar da ya auri ƙanwarsa.

Alhaji Salih ya ajiye finjalinsa da ƙarfi.

“Ni? Ya zol, bawan Allah, mi ka sani? Ni na fara tsayar da shi cikin raga yana ɗan shekara goma sha biyu, da takalmin roba. Daga nan har Sinnar ba a yi mai hannu irin na Jibo ba. Ba a yi ba, kuma ba za a yi ba nan kusa. In ya tsaya a bayanmu, ko makafi muka zuba a gaba ba mu jin tsoro.”

“To mi ya hana?”

“Halinsa nake jin tsoro, ba hannunsa ba. In ya sake yi a nan, ina zai sa kansa? Nan ne gida.”

Sannan wani ya ce to sharaɗi na takwas, aka sake kaurewa.

Amma biron Ibtisam ya riga ya fara tafiya. Ta rubuta: Zuwa ga Jibo. Daga nan har Sinnar ba a yi mai hannu irin naka ba. In ka tsaya a bayanmu ba mu jin tsoro. Nan ne gida. Ka shiga motar Kamlin gobe. Ta duba, ta ga ban da layin ƙarshe babu kalmar da ba daga bakin shugaba ta fito ba. Ta san in Kawu ya karanta, zai ce ina tuta, ina taba, ina buhu, kuma gobe a wayi gari ana nan ana yi, mota ta tashi.

Ta tura takardar gabansa a hankali. A lokacin ana kan sharaɗi na tara, ko Jibo zai riƙa sa hula ko ba zai sa ba, kuma Alhaji yana nuna Hashim da yatsa.

“Kin rubuta abin da na ce?” ya tambaya, bai juyo ba.

“Abin da ka ce na rubuta, Kawu.”

Ya laluba hatimi, ya hura masa iska, ya buga. Idonsa ya sauka kan takardar. Layi biyar ne kawai, ko yaro zai karance su a kallo ɗaya, kuma ta ga leɓensa ya ɗan motsa. Ya ture takardar gefenta da bayan hannu, ya juya ga Hashim ya ce maganar hula ba ta ƙare ba, shi bai yarda a sa hula ba.

Ta naɗe takardar ta tura cikin mayafi. Daga bakin rumfa ana hango hawashar hutu, da sandunan raga biyu, da mutum guda yana tafe da kwando a tsakaninsu, yau bai jira asuba ba. Ta ɗauki takalmanta a hannu, ta raɓa ta bayan tulunan ruwa, ta bi gefen tur'a. A bayanta wani yana cewa a kira yarinyar nan ta rubuta na goma.