Kofur Ta Ƙi Sauka

Kwana uku da rushewar benen, Darakta ya ce a kawo katafila.

A lokacin Kofur tana durƙushe a kan ɓaraguzan. Soja ce daga sashen sadarwa, an aro ta daga bariki ita da na'urarta don ta taimaka wa ma'aikatan agaji. Na'urar ba wata babba ba ce: sandunan ƙarfe huɗu da ake kafawa a jikin siminti, sai wayoyi da abin sawa a kunne. Ko ɓera ne ya motsa a ƙarƙashi sai ta ji shi. Ranar farko ta nuna wuri biyu, aka tono mutum biyar da ransu. Tun daga nan gawa kawai ake fitarwa.

Darakta, shugaban hukumar agajin, ya tsaya daga ƙasa yana kare rana da fayil.

"Kofur, naɗe kayanki. An rufe neman masu rai."

Ta zare abin kunnen ta gefe ɗaya. "Ranka ya daɗe, akwai mai ƙwanƙwasawa a kusurwar nan. Sau uku, ya huta, ya sake."

"Bututun ruwa ne."

"An yanke ruwa tun shekaranjiya."

"Ke za ki koya min aikina? Wari ya hana unguwa sakat, hanya a toshe. Sauko!"

Ta gyara zama a kan wani guntun dakali, ta miƙe ƙafa. Katafila ta ƙaraso tana gurnani har ƙasa na rawa, ta tsaya taku goma daga takalmanta.

Darakta ya kira bariki. Ba a jima ba rediyon da ke kafaɗarta ya yi ƙara, muryar Kyaftin ɗinta ce.

"Kofur, an ce kin ƙi bin umarni. Sauka yanzu."

"Yallaɓai, ba zan sauka ba. Akwai mutum a ƙasana."

"Kin san hukuncin wannan maganar?"

"Na sani, yallaɓai. A ajiye min shi, ina zuwa."

Sannan ta ɗaga kai wajen direban katafila, wani dattijo mai furfura a gemu.

"Baba, minti biyar nake roƙo. Kashe min injin nan."

Dattijon ya dubi Darakta, ya dube ta, ya murɗa makulli. "Dama tun safe yake zafi," in ji shi.

Ta zare wayar kunnen ta jona da ƙaramar lasifika, ta ƙure murya. Jama'ar da ke bayan igiya suka yi tsit. Ta ɗauki dutse ta buga wa ƙarfen rodi sau biyu. Shiru. Darakta ya buɗe baki zai yi magana, sai lasifikar ta amsa: ƙwas, ƙwas.

"Bututun ya iya lissafi, ranka ya daɗe," ta ce.

Ma'aikatan agaji ba su jira izinin kowa ba, suka hau da shebur da diga. Sai bayan awa huɗu suka zaro wata tsohuwa mai sharar benen daga ƙarƙashin matakala, ƙafarta a karye, kofin silba a hannunta duk ya lotse. Da ƙyar aka ɓamɓare yatsunta daga jikinsa. Ta kalli Kofur ta ce, "'Yata, kin daɗe."

Da yamma motar bariki ta zo. Kyaftin ya yanke mata kwana bakwai a gadirum, ɗakin tsare sojoji, saboda ƙin bin umarni, ya tambaye ta ko tana da abin cewa.

"Akwai, yallaɓai. Batirin sanda ta uku ya fara mutuwa. A canza shi kafin in fito."