Dutsen da Ake Hango Hanyar Tirmini

Tun da mahaifiyar Bintu ta rasu a Tirmini, bakin Bintu ya mutu. Tana girki, tana shara, amma in mijinta Alkasum ya dawo daga shagon ɗinkinsa na Zango, daga "sannu da zuwa" sai shiru. Abin ya ishe shi, har ya kai kukansa wurin abokinsa Lawali, ɗan kabu-kabu da ya san kowane lungu na Damagaram.

"Fitar da ita za ka yi," in ji Lawali. "Akwai wani sabon lambu da ake cin abinci a gindin itatuwa. Kullum sai na kai masu sabon aure can."

Ranar Lahadi bayan la'asar Alkasum ya ari moton Lawali, wato babur ɗinsa. Bintu ta yafa mayafi ta hau, ba ta ko tambayi inda za su ba.

Lambun yana da kyau, sai dai kiɗa kamar zai fasa kunne, samari da 'yan mata sai ɗaukar hoto suke yi. Aka kawo musu soyayyen kifi. Bintu ta ɗan tsakura ta janye hannu.

"Malam, mu koma gida," ta ce.

Ya tuƙo ransa a jagule. Sun shigo unguwar Birni ke nan ta taɓa kafaɗarsa, ta nuna manyan duwatsun da ke bayan gidaje.

"Ana hawa can?"

"Yara dai na hawa."

"To, tsaya."

Ta tuɓe takalmi ta yi gaba. Shi kuwa sau biyu santsi na kwasarsa, sai da ta miƙo masa hannu. Da suka kai sama, ga gari nan shimfiɗe: soraye, hasumiyoyin masallatai, awaki na komawa gida. Iska mai sanyi tana kaɗawa. Bintu ta juya yamma, inda kwalta ta miƙe ta ɓace cikin gonaki.

"Waccan ce hanyarmu ta Tirmini, ko?"

"Ita ce."

Ta zauna, hawaye suka zubo. Alkasum ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, sai ya fasa. Ya zauna kusa da ita kawai.

Can ta share ido. "Ka tuna zuwan Inna na farko? Da ta rantse ba za ta hau moto ba, ta tako tun daga tasha da zakara a hammata?"

"Wanda ya kuɓuce a kasuwar Dole?"

"Ta bi shi har cikin rumfar masu atamfa, tana cewa a tare mata surukinta!"

Dariya ta ƙwace mata, ta haɗu da kukan. Daga nan labari ya ɓalle: yadda Inna ke dama fura, faɗanta da maƙwabta a kan kaji, waƙar da take yi in tana surfe. Alkasum bai taɓa jin rabinsu ba.

Rana ta yi ja, suka sauko don kada magariba ta same su a sama. Bintu tana sa takalmi ta ce, "Wani satin mu zo da shayi. Kuma ni fa yunwa nake ji."

Bai tayar da moton ba. Ya riƙa tura shi, tana gefensa tana ba shi labarin ranar da Inna ta kori mai awon gero, har suka iso wurin mai tsire.