Ƙwaƙwalwar Fijon Takama

Shekara ashirin da biyu Takama yana jan Fijonsa tsakanin Dogarawa da Konni, bai taɓa kwana a hanya ba. Bana, bayan ruwan farko, motar ta sake hali. Da safe ta tashi lafiya, amma inji na ɗaukar zafi sai ta mutu, fasinja su sauka su nemi inuwa.

Awal makanike ya sake fulogi, ya wanke tankin mai, a banza. A ƙarshe ya kwance wani akwatin ƙarfe mai kamar littafi, ya miƙa masa.

"Ƙwaƙwalwar injin ce. Nan ilimina ya ƙare. Kai wa ɗiyar ƙanwarka."

Ummusalma ke nan, mai gyaran waya da rediyo a bakin kasuwar Konni. Takama ya yi jim, don har yanzu yarinya yake ganinta: shi ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta. Amma ya tafi.

Ta buɗe akwatin, ta daɗe tana dubawa da madubin ƙara girma. Ta nuna masa wata baƙar ƙwaya mai ƙafafu ashirin da takwas, duk sun yi kore.

"Kawu, ruwa ya shiga nan. Cikin wagga ƙwaya aka rubuta wa inji yawan man da zai sha da lokacin da wuta za ta kama. Sai an samo wata mai lamba iri ɗaya."

Mota ɗaya ya sani irin tasa, ta abokinsa Hayatu na Malbaza, wanda ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Tun addu'ar arba'in bai koma gidan ba, saboda ba ya son ganin motar.

Da ya je, ya sami motar a tsakar gida bisa duwatsu, kaji sun mayar da kujerar baya wurin ƙwai. Mariama, matar marigayin, ta kawo masa fura, ta saurare shi har ya gama.

"'Yan gwangwan sun zo sau uku, na hana," in ji ta. "Kai kuwa, Malam Takama, ɗauki abin da kaka so. Da yana raye da kansa zai kwance maka."

Ya kwance akwatin a hankali. Da ya gama sai ya ɗan zauna a kujerar direba, hannu bisa sitiyari.

Washegari Ummusalma ta gwada lambobin, suka dace. Ta narkar da dalma ƙafa bayan ƙafa, ta ɗaga tsohuwar ƙwayar, ta goge gurbin, ta zaunar da ta Hayatu, tana lura da gefen da ke da tsaga kada ta juya ta. Takama na kan benci, ya riƙe hularsa a hannu.

Awal ya mayar da akwatin. Motar ta tashi bugu ɗaya. Suka bar ta tana aiki cikin rana har aka kira la'asar, ba ta ko yi tari ba.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata," in ji Takama.

"Amin, Kawu. Amma a like wurin da ruwan ke shiga."

Ranar Juma'a Takama ya biya Malbaza, ya tsaya a ƙofar gidan Hayatu bai kashe inji ba. Mariama ta fito da jikokinta biyu, za su gaida 'yarta a Badaguishiri. Ya buɗe mata gaba, yaran suka haye baya suna gardamar wa zai zauna kusa da taga.