Yafiyar da Bature Ya Zo Nema

Hajo na tsakar gida tana dakan naman dambu sa'ad da Malam Mainasara, wan marigayi mijinta, ya yi sallama ya shigo da sauri.

"Hajo, ajiye taɓaryar nan. Bature ne a zaure. Gobe da safe za a kwashi maniyyata daga Daura zuwa Katsina, shi ne ya zo sallama."

Ba ta ajiye ba. Sai ma ta ƙara wa turmin duka biyu.

"Sallamar me, Yaya Malam?"

"Kin sani sarai. Mai tafiya aikin Hajji yakan zaga ya nemi yafiya. Ya je gidajen mahauta kaf, kowa ya yafe. Ke kaɗai kika rage. Kalma ɗaya ce, ki faɗa ya tafi."

Kalma ɗaya! Wai kalma ɗaya. Ai shi ma Bature kalma ɗaya ya faɗa shekara shida da suka wuce, ita ce ta kai mijinta Munzali kabari.

Munzali shi ne shugaban mahautan 'yar kasuwar unguwarsu, shekara goma sha tara. Shi ya ɗauko Bature daga wani ƙauyen Baure, ya koya masa fiɗa, ya yi masa aure, ya ba shi tebur kusa da nasa. Wata rana ya aike shi Mashi ya rako saniya a mota. A hanya saniyar ta faɗi. Bature ya bugo waya, Hajo na zaune a gefen mijinta tana ji da kunnenta, ya ce tana numfashi, har tana shure-shure. Munzali ya ce ya yi bisimilla ya yanka maza. Aka kawo nama, aka sayar, aka ci. Kwana uku, ana saura mako guda a sake zaɓen shugaba, sai magana ta tashi wai mushe aka sayar wa mutane. Dattawa suka zauna, suka kira Bature, don direban motar baƙo ne, ya riga ya ƙetare iyaka. Bature ya sunkuyar da kai ya ce ya tarar ta sandare, maigida ne ya ce ya yanka haka nan. Aka yaba masa da tsoron Allah, aka ba shi kujerar. Munzali kuwa ko ƙashi ba a sake saya a teburinsa ba. Hawan jini ya kayar da shi, ya shekara biyu a kwance, ya rasu. Har yau idan baƙo ya tambayi gidan mai dambun nama, a unguwar cewa ake yi, "Gidan mai mushe?" Shi ya sa Hajo ba ta da ciniki sai ta aika tasha, inda ba a san ta ba.

Ta jingine taɓarya, ta yafa mayafi, ta je ta tsaya a bayan ƙyauren zaure.

"Yaya Malam, ka ba mu wuri."

Malam Mainasara ya fita waje yana murna, a zatonsa an gama.

Bature na durƙushe a kan tabarma. Ya yi ƙiba, shaddarsa sai ƙyalli take, amma idanunsa sun faɗa kamar na mai jinya.

"Inna Hajo, ina wuni. Na zo ne ki yafe mini abin da na yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba."

"Wanda ba ka sani ba na yafe tun kafin ka roƙa. Wanda ka sani fa, mene ne sunansa?"

Ya leƙa ƙofar waje, ya matso, ya rage murya.

"Inna, da ranta na yanka ta. Wallahi da ranta. Jininta har gwiwata ya feso."

Shekara shida tana jiran jin wannan. Ta zaci ranar da ta ji zuciyarta za ta yi sanyi. Ina! Sai ma ta ƙara tafasa.

"Ni kake gaya wa? Ni da nake zaune ka bugo wayar?"

"Tun ranar ban sake ɗora wa saniya wuƙa ba. Naman sa ba ya shiga bakina. Ko salla na tayar, sai in gan shi zaune a bayan teburinsa yana korar ƙuda, babu mai tsayawa. Na wahala, Inna."

"Ka wahala a kan kujerarsa. Shi ya wahala a kan tabarma, ni ke juya shi." Ta dafa ƙyauren. "Saurara, Bature. A gaban mutane ka shafa masa kashin kaji, a gaban mutane za ka wanke shi. Na ji an ce bayan la'asar za ka yi sallama a masallacin kasuwa. Abin da ka raɗa mini yanzu, ka faɗe shi a can. Idan ka faɗa, kafin ka sa takalmi na yafe maka duniya da lahira."

"Za su tsige ni. 'Ya'yana fa? Da wane suna za a riƙa kiransu?"

"Da wane ake kiran nawa?"

Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Zan faɗa. Na gaji. In Allah ya yarda zan faɗa."

Hajo ba ta iya ƙarasa aikin dambun ba. Masallacin kasuwa katanga biyu ne tsakaninsa da gidan, duk abin da aka faɗa a lasifika tamkar a ɗakinta aka faɗa. Ta yi la'asar da wuri, ta fito da kujera ta zauna a gindin katanga. Ta kama kanta tana shirya yadda za ta kira 'yarta Hussaina a gidan aurenta a Zango ta ce mata, ɗaga kanki, an wanke babanki.

Aka sallame. Liman ya yi gyaran murya ya ce shugaban mahauta na da magana. Lasifikar ta yi ƙara, sannan muryar Bature ta fito. Ya nemi yafiyar jama'a, masallaci ya amsa gaba ɗaya, "Mun yafe, Allah ya yafe mana." Sai ya ce, "Akwai kuma maganar maigidana, marigayi Munzali."

Hajo ta miƙe tsaye.

Shiru. Tana jin numfashinsa a lasifika, tana jin wani tsoho na tari. Shirun ya yi tsawo har wani ya ce, "Muna ji, shugaba."

"Shi ya riƙe ni," in ji Bature. "Shi ya koya mini sana'a. Ɗan Adam ajizi ne. Duk abin da ya faru ya wuce. Ina roƙon ku yafe masa, a yi masa Fatiha."

Ku yafe masa! Masallaci ya ɗauka da kabbara. Ta ji wani na cewa wannan shi ne ɗan halak, mai riƙon amana. Ta ji sun shafa Fatiha, suna yafe wa mijinta laifin da bai yi ba, bisa roƙon wanda ya ƙaga shi.

Ba a jima ba Malam Mainasara ya shigo, idonsa jawur don shi ma ya yi kuka.

"Kin ji ko? A gaban kowa ya ambaci ɗan'uwana, har da hawaye. Yana waje yana jira. Haba Hajo, mutum zai hau jirgi, babu wanda ya san gawar fari. In ya cika a can fa? Me zan ce masa?"

Ta koma ta zauna. Sai yanzu ta ga inda aka ajiye ta. Direba ya ɓace, Munzali na ƙasa, ita kuma mace ce da za a ce kare mijinta take. Duk duniya bakin mutum ɗaya ne ya rage.

"Ka ce masa ban yafe ba."

"Hajo!"

"Kuma ka ce masa ya kula da kansa. Ya riƙa shan ruwa, kada ya shiga turmutsutsu wajen jifa. Ni da kaina zan yi ta yi masa addu'a bayan kowace salla har ya sauka lafiya." Ta ɗago ta dube shi. "Kada Allah ya ɗauki ran Bature a can, Yaya Malam. Ba ni da wani shaida sai shi."