Sunan Zipora a Cikin Amshi

Zipora ta cire abin sauraro daga kunne, ta sake duba takardar da furodusa Badruddeen ya miƙo mata. Sunayen da za ta kira ne a ƙarshen waƙar fim ɗinsa: jaruma Khairat, darakta, shi kansa, har da mai shagon da ya ba su aron kaya. Haka ake yi. Waƙa ce ke riga fim fita, duk wanda aka ambata a ciki kuwa ya shiga bakin duniya. Ta bi takardar sau biyu. Kowa yana nan, ban da mai waƙar.

"Oga, ina sunana?"

"Ga shi nan ƙasa. Zahra Zamani."

"Wane ne wannan?"

"Ke ce mana. Ƙanwata, Zipora ba zai sayu a Kano ba."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Shekara tara tana jan kwaya, ƙungiyar mawaƙan coci, muryar da ake ji tun daga layin dogo, yau kuma baƙo ya sauka Kafanchan da safe zai yi mata suna kafin azahar, ko rago bai yanka ba.

"Babana Meshak ne ya sa mini. Ban kawo shi nan don a canza ba."

"To a bar wurin babu suna," in ji shi, ya fita amsa waya. Masu tura waƙa a wayoyi suna jiransa a kasuwa ƙarfe huɗu, gobe kuma za a ɗauki rawa.

Ta dubi Nuru mai situdiyo. "Sa kiɗan daga farko."

Ta kira kowa da kowa, har mai shagon kaya. Amma amshin nan da ke dawowa sau shida, sai ta sake masa gini: "Ni ce Zipora, 'yar Kafanchan, ban ɓoye ba." Ya hau kiɗan daram.

Da Badruddeen ya dawo ya ji, sai da ya tuɓe hula.

"Nuru, yanke wannan!"

"In na yanke amshi, Oga, waƙa ta mutu."

"To ta sake!"

Zipora ta riga ta rataya jakarta. "Murya ya gaji, Oga. Ko ka kai haka, ko ka kira Zahra Zamani ta yi maka."

Ta san da wuya ya ƙara nemanta. Duk da haka ba ta ajiye jakar ba.

A kan benci Khairat ke zaune, ita da za ta motsa baki a kan waƙar gobe gaban kyamara. Ta ce a maimaita mata amshin. Ta ɗaga ƙaramin madubi tana gwada leɓenta, a hankali, har sunan ya zauna.

"Zi-po-ra," ta ce. "Haka ake faɗa, 'yar'uwa?"

"Ƙara buɗe baki," in ji Zipora. "A gani da kyau."