Reshen da Malama Ta Yage

Da Asemahle ta dawo daga makaranta ta shige ƙarƙashin tebur ko takalmi ba ta cire ba, na san an taɓa min ita. Shekarunta takwas, kuma ba mai saurin kuka ba ce. Na zazzage jakarta, sai ga zanen bishiyar dangi da muka sha wahalar yi tare, an yage masa reshe guda. Reshen Thobile ne, matata, 'yar gidan Zondi.

"Wa ya yi wannan?"

"Malama Mkhize. Wai bishiya ba ta da uwa biyu. Wai ni ba Zondi ba ce, aron suna aka yi min." Ta ja hanci. "Kowa ya yi dariya, Mama."

A farkon shekara makarantar ta tara mu iyayen unguwar Imbali, aka daddale cewa zancen mata masu auren mata, da maza masu auren maza, da waɗanda suka sauya jinsi, ba za a killace shi a darasi ɗaya ba. Zai shiga lissafi, ya shiga tarihi, ya shiga karatu. In littafi ya ce yaro mai uba biyu ya sayo burodi, a ƙirga burodin a wuce. Na san Malama Mkhize tana tsallake waɗannan shafukan, na kau da kai. Amma tsallakewa daban, yagewa daban.

Thobile ta dawo daga aiki ta ga takardar, ta ce, "Gobe mu kai ƙara wurin shugaban makaranta."

"A ba ta takardar gargaɗi ta cusa a jaka? A gaban yara ta yi, a gaban yara za ta biya."

"Nokwazi, wannan idon naki ba na son sa."

"Ki rufe naki, to."

Abin ya ci gaba da cin yarinyar. Ta daina rubuta Zondi a littattafanta. Wata safiya na kama ta da almakashi tana ƙoƙarin yanke awarwaron fatar akuya da ke hannunta, wanda aka ɗaura mata ranar da aka gabatar da ita ga kakannin gidan su Thobile. Na karɓe almakashin.

A bakin ƙofar makaranta na samu abin da nake nema. Ina jiran a tashi, sai na ji wata tsohuwar malama ta ƙwala kira, "MaZondi!" Malama Mkhize ta waiwaya tana murmushi ta amsa, "Nondaba!" kirarin gidan Zondi ke nan. Ashe Mkhize sunan miji ne. A wurinmu da gidan ubanta ake kiran matar aure, kuma duk Zondi jini ɗaya ne, ko ba su taɓa haɗuwa ba. 'Yar gidansu ta yage daga bishiya ba ta damu ba, don ta ɗauka babu babban da ya tsaya mana.

Ranar Asabar na shiga tasi zuwa ƙauye wurin Gwaggo Khethiwe, yayar mahaifin Thobile. Ita ce ta tsare ƙannenta maza da masifa har suka kora shanun sadakina zuwa gidanmu. Na ajiye mata takardar a cinya. Ta daɗe tana shafa inda aka yage.

"Yaushe ne Ranar Al'adu a makarantarsu?"

"Laraba, Gwaggo."

"Ki goge min zanina baƙi."

Laraba filin makaranta ya cika da duwatsun wuya da ƙamshin tuwon masara da nono. Kowane aji ya gayyaci dattijo ya yi kirarin gidansa, ni kuwa na riga na sa sunan Gwaggo a ajin Asemahle. Ta fito da sandarta ta ɗaga murya, "Nondaba! Gagashe!" Duk Zondin da ya ji kirarin gidansu dole ya miƙe. Malama Mkhize ce ta fara zabura, tana rangaɗa guɗa har kallabinta ya zame.

Gwaggo ta yafito ta. "Zo nan, 'yata. Kin iya guɗa. Wane ne ubanki?"

Ta durƙusa ta faɗi sunan ubanta da kakanta, baki har kunne.

"Ashe ni gwaggonki ce. Madalla. Asemahle, taso."

Yarinya ta taso tana ɓoye hannu a baya. Gwaggo ta kamo hannun ta ɗaga shi sama, kowa ya ga fatar.

"Wannan akuyar a garkena aka haife ta. Ni na riƙe yarinyar nan aka faɗa wa kakanninmu sunanta. Shanun sadakin uwarta daga shingenmu suka fita. Sai na ji wai wata 'yar Zondi ta ce aron suna muka ba ta. Na ce ƙarya ne, ba mu haifi mara kunya irin wannan ba. Ko mun haifa?"

Daga can baya wani uba ya ce, "Yau ake yin ta!" matarsa ta zungure shi.

Malama ta ce, "Gwaggo, ni addinina..."

"Ban tambaye ki cocinku ba. Ni ma ina zuwa nawa, tun kafin a haife ki. Jininki na tambaye ki. Wacece wannan a wurinki?"

Malama ta kalli ƙasa. "'Yata ce."

"Kunnena ya tsufa."

"'Yata ce, Gwaggo!"

"To wanda ya zagi ɗan gida, akuya yake kawowa a wanke sunan."

Nan na miƙe. Na durƙusa wa Gwaggo yadda suruka take yi, na ce, "A yi min afuwa, Gwaggo, akuya kwana ɗaya za a cinye ta. Ni ba na so. Ta manna reshen nan da hannunta a gaban aji. Shafukan da ta tsallake kuma, na lissafi da na tarihi duka, ta koma ta koyar da su ɗaya bayan ɗaya."

Gwaggo ta yi dariya. "Kun ga surukar da shanuna suka kawo min? Ta fi ni mugunta."

Thobile ta raɗa min cewa ya isa haka. Na ce bai isa ba.

Washegari na nemi izini a wurin aiki, na zauna a kujerar baya ta ajin, gwiwoyina sun tokare ɗan teburin yara. Na zo da gam ɗina, kada a ce babu. Malama ta manna reshen, ya karkace, na ce ta gyara. Ta gyara. Sannan ta buɗe littafin lissafi ta karanta labarin yaro mai uba biyu da burodinsa, muryarta a bushe. Yara suka ƙirga burodi, babu wanda ya yi dariya.

Da ta zo kiran suna, ta ɗan tsaya a na ƙarshe.

"Zondi, Asemahle."

'Yata ta naɗe hannun rigarta har gwiwar hannu, ta ɗaga shi sama, fatar akuyar a fili, ta amsa:

"Nondaba!"